Farashin Farko

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, kuma ko a baki ni ba mai magana ba ce, balle a takarda. Kawu ne ya matsa mini. Ya ce an kafa kwamitin da zai sake duba dokar kuɗin yaƙin neman zaɓe, kuma suna karɓar bayanin duk wanda abin ya shafa. Na ce ni ban san doka ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ki doka, Aku? Abin da ya faru za ki faɗa." Aku yake kirana tun ina ƙarama, don tsokana, saboda sai in wuni ban ce uffan ba.

Babana mai gyaran famfo ne. Shekara talatin yana wannan aiki a unguwarmu, babu bututun da bai san inda ya bi ba. Ruwa kwana biyu yake zuwa mana a mako, wani makon ma ɗaya, kuma Baba ya san dalili. Ya sha rubuta wa ofishin kansila cewa babban bututun da ke bayan makaranta ya ruɓe, ba a taɓa ba shi amsa ba. In aka ce masa ya fito takara da kansa sai ya yi dariya, ya ce siyasa kasuwar masu kuɗi ce, shi ko kuɗin shiga ba shi da.

Sai aka yi sabuwar doka. A rediyo ya ji, yana zaune a tsakar gida yana goge sifanunsa na kwance famfo. Doka ta ce duk mai neman kansila akwai iyakar abin da zai kashe, mai kuɗi da talaka duk ɗaya, wanda ya wuce a cire sunansa. Baba ya ajiye tsumman hannunsa ya ƙara murya. Da aka gama ya ce, "To, yanzu an ba kowa bututu mai faɗi ɗaya. Sai a ga ruwan wa zai kai."

Umma ta ce, "Kai da rigar fita biyu gare ka, ɗaya ma wuyanta ya ci?"

Ya ce, "Ai ba riga za a zaɓa ba."

Ya fito takara. Kawu, ƙanin Umma, wanda direban bas ne, shi ya zama wakilinsa. Shi ke riƙe da takardar da ake rubuta duk abin da aka kashe da duk abin da aka ba da kyauta, don doka ta ce kyauta ma sai an ƙiyasta kuɗinta an saka a ciki. Abokin takarar Baba wani attajiri ne da ake kira Mai Tireloli. Tun kafin a fara, hotunansa suka cika manyan allunan talla na bakin titi, kowanne ya kai ɗakinmu girma. Amma ba a rubuta a zaɓe shi ba. An rubuta gaisuwa ce kawai daga ƙungiyar masoyansa, saboda haka ba a lissafa su cikin kuɗinsa. Kawu yakan ce masoyan nan su uku ne: shi kansa, da aljihunsa na dama, da na hagu.

Ni tela ce. Ina aiki a shagon wata mata da muke kira Anti. Shagon ɗan ƙarami ne, keke huɗu, fanka ɗaya mai kuka, da madubin da ya tsage daga gefe. Kekena shi ne na can ƙurya, kusa da teburin guga, kuma ni na zaɓi wurin don kada masu kawo ɗinki su yi mini magana. Anti ba ta son haka. Ta ce telar da ba ta iya faɗin kuɗi ba baiwa ce. Wata da watanni tana horar da ni a kan abu ɗaya.

"In aka tambaye ki nawa, me za ki yi?"

"In ninka."

"Saboda me?"

"Saboda mai kawo ɗinki ba ya jin daɗi sai ya rage."

"Yauwa. Ki faɗa ki yi shiru, ki kalli ƙasa. Shiru dai ai kin iya. Shi zai ce haba, ke ki ce albarka, a haɗu a tsakiya."

Ba ni da kuɗin da zan ba Baba, ba kuma zan iya tsayawa a gaban mutane in yi masa kamfe ba. Abin da na iya shi na yi. Wani mai sayar da yadi ya ba Baba ragowar farin yadi, Kawu ya rubuta kuɗinsa a takarda, ya rubuta na zare. Ni kuma na ɗinka riguna tamanin. A ƙirjin kowacce na yanka shuɗin ƙyalle na fitar da kan famfo da ɗigon ruwa uku, na bi gefensu da hannu don kada su zare. Mako shida na yi, ina zuwa shago kafin kowa, ina ci gaba a lokacin cin abincin rana. Kawu bai rubuta kuɗin ɗinkin ba. Ya ce 'ya ta yi wa ubanta ɗinki, wa zai sa wannan a takarda?

Rigunan suka yi farin jini fiye da yadda muka zata. Na Mai Tireloli bugawa aka yi, wanki biyu hoton ya koɗe har Kawu ya ce mutumin ya koma fatalwa. Namu kuwa mutane har wurin aiki suke zuwa da su. Mai gyaran keke na bakin layinmu ya ce a ba shi ta biyu, matarsa ta ƙwace ta farkon. Sai aka fara cewa mai famfo zai ba da mamaki. Ina jin wannan ne ya sa lauyan Mai Tireloli ya kai ƙara hukumar zaɓe, ya ce akwai riguna tamanin da ba a saka kuɗin aikinsu ba.

Ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo shago. Anti ta tafi kasuwa sayo zif, sauran teloli biyun sun je kai ɗinki, ni kaɗai ce. Matar ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce daga hukumar zaɓe take, ta nuna mini katinta, ta ce tambayoyi kaɗan ne. Ta zauna a kan bencin masu jira ta ciro ɗaya daga cikin rigunan daga jakarta.

"Ke kika ɗinka?"

Na ɗaga kai.

"Guda nawa?"

"Tamanin."

"An biya ki?"

Na girgiza kai.

Sai ta juya rigar ciki waje. Ban taɓa ganin wanda ba tela ba ya yi haka. Ta bi kalmasar da yatsa, ta ja hannun rigar ta ga ko zai buɗe, ta kai ɗigon ruwan kusa da idonta. Ta ce, "Wannan da hannu kika bi? Duka tamanin ɗin? Ƙanwata, ni 'yar tela ce. Mahaifiyata ta yi shekara arba'in a kan keke, kuma da ta ga wannan da ta ce a kira mata ke."

Shekarata biyar a shagon nan, abin da nake ji kawai shi ne hannu ya yi tsawo, wuya ya matse, yaushe za a gama.

Ta ce, "Da zan kawo yadina in ce ki ɗinka mini irinta, nawa za ki karɓa?"

Kuɗin irin wannan aiki dubu ɗaya ne. Kowa a layin teloli ya sani. Bakina ya ce, "Dubu biyu." Na yi shiru na kalli ƙasa, ina jira ta ce haba.

Ba ta ce ba. Na ji ƙarar biro a kan takarda. Ta karanta mini abin da ta rubuta a hankali, ta ce, "Haka ne? In akwai gyara ki faɗa." Nan ne wurin da nake yagewa duk lokacin da na fara rubutun nan. Ba tsoro kaɗai ya hana ni magana ba. Na ji daɗi. An ji dubu biyu a kan aikina, ba a yi dariya ba, ba a taya ba, an rubuta. Na karɓi biron na rubuta sunana da kyau, harafi bayan harafi.

Da yamma na faɗa a gida, har da ɗan murmushina. Kawu yana shan shayi. Ya ajiye kofin ya jawo takardarsa. Abin da ya rage wa Baba kafin ya kai iyaka dubu ɗari ne. Da na ce dubu ɗaya, rigunan sun tashi dubu tamanin, ya tsira. A dubu biyu sun tashi dubu ɗari da sittin.

Kawu ya ɗora hannu a ka. "Aku! Shekara ashirin da biyu muna roƙon ki yi magana, ranar da kika buɗe baki kuma sai..." Ya ga fuskata ya haɗiye sauran.

Umma ta ce, "Kai dai da ka rubuta tun farko ai da ba a zo nan ba."

"Yaya, in rubuta me? In kin dafa masa abinci ya ci ya fita kamfe, shi ma in rubuta?"

Baba ya juyo gare ni. Ya tambaye ni abu ɗaya: "Uwata, matar ta yi miki tsawa?" Na ce a'a. Ya ce to shi ke nan, za a je a yi bayani.

An sa ranar sauraro bayan kwana takwas, saura mako biyu zaɓe. Kawu ya ce abin mai sauƙi ne. In tashi in ce farashin farko na faɗa, na ciniki, kuɗin gaskiya dubu ɗaya ne, Anti kuma ta zo ta tabbatar. Kullum da yamma sai ya zaunar da ni ya zama lauya, ya ɗaura tawul a wuya yana kumbura murya, har Umma ta yi dariya ba ta so. A gabansa ina iya faɗa.

Anti ce ta ƙi. Na same ta tana yanka, ta saurare ni almakashi a hannu. Ta ce, "Ki ce in je gaban jama'a in rantse cewa ninkawa nake yi? Rabin matan da za su cika ɗakin nan masu kawo mini ɗinki ne. Gobe wa zai shigo nan bai fara da rabin kuɗi ba? Ina son babanki, wallahi shi zan zaɓa. Amma shagon nan shi ne abincin 'ya'yana." Ta ba ni hutun ranar sauraron ba tare da ta cire mini komai ba. Ban ji haushinta ba. Har yanzu a can nake aiki.

Ɗakin sauraron yana hawa na biyu. Dogon tebur, mutum uku a bayansa, na tsakiya wani dattijo mai tabarau shi ne shugaba. Kujerun roba sun cika, wasu suna tsaye a bakin taga, da yawa sanye da rigunana. Mai Tireloli bai zo ba, lauyansa ne ya zo. Matar hukuma tana gefe da fayil a cinya. Da aka kira ni, na tashi na je gaban teburin na tsaya.

Shugaban ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Na ce, "Dubu ɗaya ne." Ya ce in ɗaga murya. Na sake faɗa.

Lauyan ya taso. Ba shi da faɗa, a hankali yake magana, wannan ma ya fi ban tsoro. Ya nuna mini takarda.

"Malama, wannan rubutunki ne?"

"E."

"An tilasta ki?"

"A'a."

"An karanta miki kafin ki sa hannu? An ce ki gyara in akwai gyara?"

"E."

"A ranar kin ce dubu biyu. Yau, bayan kin kwana takwas a gida ɗaya da mai takara, kin ce dubu ɗaya. Wanne ne ƙaryar?"

Amsar tana bakina. Kawu ya koya mini ita sau ashirin. Amma yadda ya jera tambayar, duk wadda na ɗauka ƙarya ce. Na ce, "Ciniki..." sai muryata ta tsaya. Wani a baya ya ce, "Ai kurma ce, a kawo mai fassara," aka yi dariya, shugaban ya buga tebur.

Sannan shugaban ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "'Yata, wajibi ne in gaya miki. Wanda ya ba hukuma bayanin ƙarya a kan kuɗin takara, doka ta ce a miƙa shi kotu, kuma akwai ɗauri har na wata shida. Ba barazana nake miki ba. So nake ki yi tunani kafin ki amsa. Kina da wanda zai shaida cewa dubu ɗaya ake biya?"

Ba ni da. Na ji Umma ta ja numfashi a bayana. Lauyan ya ɗaga rigar sama da yatsa biyu ya ce, "Ko dai ki gaya wa hukuma aikin naki ne bai kai ba?"

Kujera ta yi ƙara. Baba ne ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a bar yarinyar nan ta zauna."

Shugaban ya ce ba a zo kansa ba tukuna. Baba ya ce, "Ni ne mai takara, a kaina ake magana. 'Yata ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Abin da ta faɗa wa jami'arku shi ne daidai. Rigar tana hannun lauya, ya juya ta ya gani. Ta kai dubu biyu. Na karɓa, a rubuta."

Kawu ya kama hannun rigarsa yana ja. "Yaya, ka san abin da kake faɗa kuwa? Zauna, don Allah zauna."

Shugaban ya ce, "Malam, ka gane cewa in ka karɓi wannan ƙiyasi ka wuce iyaka?"

"Na gane."

Ina so in yi ihu in ce dubu ɗaya ne, a tambayi kowace tela, a kai ni kotun. Na buɗe baki. Baba ya dube ni ya girgiza kai sau ɗaya, irin yadda yake yi in na kai hannu kan abu mai zafi ina yarinya. Na zauna.

Kawu ne ya fashe. Ya ce, "To allunan da ke bakin titi fa? Guda goma sha ɗaya na ƙirga! Ɗaya daga ciki ya sayi rigunan nan har da masu sanye da su! Ku leƙa ta tagar nan, ga ɗaya can yana kallonku!" Mutane suka leƙa, da gaske ana hango shi. Shugaban ya jira hayaniya ta kwanta. Ya ce allunan ba ɗan takara ne ya biya ba, ba su kuma nemi ƙuri'a ba, doka ba ta ba shi ikon lissafa su ba. Ya ce da za a tambaye shi ra'ayinsa da ya faɗa, amma ba ra'ayinsa aka ɗora shi ya karanta ba.

Ba su daɗe a ciki ba. An cire sunan Baba daga takara. An ba shi kwana ɗaya ya cire duk fastocinsa daga bango, in ba haka ba akwai tara.

A kan matakala matar hukuma ta tsayar da ni. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Ƙanwata, me ya sa ba ki ce mini ana ragewa ba?"

Na ce, "Ba ki taya ba."

Ta ce, "Ni 'yar tela ce. Ya kamata in sani." Ta sauka da sauri, ban sake ganinta ba.

A gida babu wanda ya ci abincin kirki. Maƙwabta suka yi ta shigowa kamar gidan rasuwa, wasu na zagin hukuma, wasu na zagin lauya, wata tsohuwa ta ce ai da ma yaran yanzu ba a sa su gaba. Umma ta raka ta har ƙofa ba ta gama zama ba. Kawu ya ce doka ce ta munafukai, an yi ta ne don a kama ƙananan kifi. Baba ya ce a'a.

"Ba don dokar nan ba da ban isa in tsaya ba ma. Yoyo take yi. Abin da ke yoyo nemo wurin ake yi."

"To kafin a nemo ai mun nutse," in ji Kawu.

Da mutane suka watse, rana ta kusa faɗuwa, na same shi a tsakar gida yana wanke hannu a bokiti. Na durƙusa a gabansa. Na shirya maganganu da yawa tun daga kan matakala, ko ɗaya ba ta fito ba. Ya goge hannunsa a jikin wandonsa ya dafa kaina.

"Tashi, Uwata. Ƙasa da sanyi."

Na ce, "Baba, dubu ɗaya ne."

Ya ce, "Na sani."

Ya juya ya ce wa Kawu ya aro masa tsani da safe, shi zai zagaya ya cire fastocin da kansa, ba ya son a sa kowa. Fastoci ɗari biyu ne, kowanne da fuskarsa, a duk layin da ya taɓa yi wa gyara.

Washegari gari na wayewa na riga kowa tashi. Na ɗauki bokiti da soso da tsohuwar wuƙar Umma, na ja ƙofa a hankali. Na fara daga layin makaranta, inda ya fi yawan mutane, don in gama da shi kafin Baba ya fito. Kawu ya zuba gam kamar ba za a taɓa cirewa ba, sai na jiƙa kowanne sau biyu na jira kafin ya saki. Masu tafiya aiki suna tsayawa suna kallona, wani ya kira ni da sunan Baba, ban juya ba. Waɗanda suka fita ba su yage ba na ninke su na sa a cikin gyalena. Da ruwan bokitin ya ƙare na je famfon bakin layi, babu ruwa, sai na roƙi mai shayi ya ba ni na wanke kofuna, na koma bango na gaba.